Bin Sawun Likitan da Ya Mulki Fotugal

Tsakanin 1910 da 1926, shekara 16 kacal, ƙasar Fotugal ta kafa gwamnati 45. Mutum 7 ne suka riƙe shugabancin ƙasa a wannan tsakani. Biyu sun gaji da rigima sun ajiye aikin da kansu, ɗaya sau biyu soja suna tumɓuke shi, ɗaya aka bindige shi a tashar jirgin ƙasa ta Rossio, biyu kuma cikon wa'adin wasu kawai suka yi. Saura mutum ɗaya, shi ne ya hau ya zauna shekara huɗu cur, ya sauka da ƙafarsa. Likita ne, sunansa António José de Almeida.

Wata hidima ce daban ta kai ni Lisbon. Ina yawo wajen gidan buga kuɗin ƙasar sai na tarar da gunkinsa a tsakiyar wani dandali, titin ma sunansa yake ɗauke da shi. Da na bincika labarinsa na ga ya yi shekaru yana aikin likita a tsibirin Sao Tome, nan kusa da mu a Tekun Gini, sai na ce lallai wannan sawu ya cancanci a bi.

Daga Lisbon zuwa Coimbra, inda Almeida ya yi karatu, tafiyar wajen awa biyu ce a jirgin ƙasa, ana yin arewa. Garin a kan tudu yake, kogin Mondego na kwance a gindinsa, jami'a kuma can a ƙololuwa, sai ka hau matakalar dutse har gwiwa ta yi tsami kafin ka isa. An kafa jami'ar a 1290, ta yi ta kai-kawo tsakanin Lisbon da Coimbra har ta zauna daram a 1537. Har yau za ka ga ɗalibai da baƙar alkyabba, rana ko sanyi. Masu yawon buɗe ido tsohon ɗakin karatu suke tururuwar gani, wanda jemagu ke kwana a cikinsa suna cinye ƙwarin da ke ɓata littattafai, har da yamma a kan rufe tebura da fata saboda kashinsu. A ƙarƙashin ɗakin akwai kurkukun da jami'a ke tsare ɗalibanta masu taurin kai a zamanin da. An daina amfani da shi tun 1834, don haka lokacin da Almeida ya yi nasa taurin kan, kotun sarki ce ta yi masa hukunci.

Ga yadda abin ya faru. Fotugal ta zana wata taswira, ta shafa launin ruwan hoda tun daga Angola har Mozambik, ta ce duk ƙasar da ke tsakani tata ce, wato inda Zambiya da Zimbabwe da Malawi suke a yau. Ingila kuwa tana da nata burin na haɗa Cape da Alƙahira. Ranar 11 ga Janairu 1890 gwamnatin Ingila ta aika wa Lisbon takardar kashedi: ku janye sojojinku nan take, ko a ji ku da mu. Sarki Carlos, wanda ko wata uku bai cika a kan gado ba, da gwamnatinsa suka janye. Gari ya ɗau zafi. Mutane suka ga an wulaƙanta ƙasarsu, suka ɗora laifin a kan gidan sarauta. A cikin wannan fushi aka tsara waƙar da ta zama taken ƙasar har gobe. Almeida yana ɗalibin likitanci, shekararsa 23, ya rubuta maƙala mai zafi a jaridar ɗalibai yana cewa daga wannan sarki gidan sarautar Bragança ya ƙare. Aka ɗaure shi wata uku. Lauyan da ya tsaya masa, Manuel de Arriaga, shi ne ya zama zaɓaɓɓen shugaban ƙasa na farko a 1911. Hasashen ɗalibin kuwa da sarki ɗaya kawai ya kauce, domin ɗan Carlos, Manuel na biyu, shi ya rufe ƙofa.

Na tsaya a farfajiyar jami'ar ina juya wannan labari. Mai yi mana jagora, wata ɗaliba cikin alkyabbarta, ta ba da shi da alfahari, a matsayin ranar da matasa suka tashi tsaye don mutuncin ƙasa. Ni kuma da kunnen ɗan Afirka nake saurare, abin da na ji shi ne kuraye biyu na faɗa a kan akuyar da ba ta ɗayansu ba. Babu wanda ya tambayi mutanen kwarin Shire ko na ƙasar Mashona ra'ayinsu. Jamhuriyar Fotugal a cikin wannan haushi aka ɗauki cikinta, haushin an hana ta mallakar ƙasar wasu, kuma wanda bai riƙe wannan ba ba zai gane sauran labarin likitan ba.

Washegari na hau mota zuwa Penacova, ana bin gaɓar Mondego, hanya tana lanƙwasa tsakanin duwatsu da itatuwan turare. Daga nan sai São Pedro de Alva, sai ɗan ƙauyen Vale da Vinha inda aka haife shi a 1866. Gidaje kaɗan ne, na dutse, da kurangar inabi da zaitun da karnuka masu haushi. Yawancin waɗanda na gani tsofaffi ne, matasa sun tafi birni ko Faransa. Wani dattijo da ke zaune bakin ƙofa ya nuna min gidan da sandarsa. "Senhor daga nesa kake," in ji shi, ba tambaya ba ce. Da na ce Nijeriya, ya ce shi ma ya yi aikin soja a Afirka yana saurayi, sai ya yi shiru, ni ma ban tona ba. A gidan abinci aka yi ta yaba min wani dafaffen naman akuya da yankin ya shahara da shi. Da na tambaya aka ce cikin giya ake dafa shi, sai na koma kan gasasshen kifi da dankali.

Wani abin da ya ba ni mamaki shi ne kusancin wurin da Santa Comba Dão, tafiyar ɗan lokaci ce a mota. A can aka haifi António Salazar a 1889, shi ma ɗan jami'ar Coimbra, wanda ya danne ƙasar daga 1932 zuwa 1968. Yanki ɗaya, makaranta ɗaya, ɗaya ya taimaka wajen kafa jamhuriya, ɗaya ya binne ta.

Almeida ya gama karatu a 1895, shekara ta zagayo ya tafi Afirka. Wannan zan dawo kansa. Bayan ya komo a 1903 ya je Paris ya ƙaro sani a asibitocinta, sannan ya buɗe ɗakin duba marasa lafiya a tsakiyar Lisbon, daga baya a dandalin Camões da ke unguwar Chiado. Na zauna a dandalin da hantsi, taragon lantarki mai launin rawaya yana wucewa yana ƙara. Nan ya samu laƙabin likitan talakawa, domin wanda ba shi da kuɗi ba a korarsa.

Ba shi kaɗai ne likitan da ya faɗa siyasa a lokacin ba. Akwai Brito Camacho, akwai Egas Moniz wanda ya yi ministan harkokin waje kafin ya ci kyautar Nobel a 1949, akwai Miguel Bombarda likitan masu taɓin hankali. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. A ƙasar da wajen mutum 7 cikin 10 ba su iya karatu ba, masu ilimin da talaka ke gani ido da ido biyu ne, fada na coci da likita. Fada yana tare da sarki. Likita kuwa shi ke shiga ɗakin da tarin fuka ya kwantar da mai gida, ya ga abin da ke cikin tukunya, ya ga yara nawa ke kwana a shimfiɗa ɗaya. In ya hau mumbari ya yi magana a kan talauci, ba labari aka ba shi ba. Almeida kuma Allah ya ba shi baki. Duk waɗanda suka rubuta tarihin zamanin sun yarda yana cikin manyan masu jawabi na jamhuriya. A 1906 aka zaɓe shi ɗan majalisa daga Lisbon. A watan Nuwamban shekarar, da aka kira soja su fitar da 'yan jamhuriya daga zauren majalisa saboda sun tono bashin da gidan sarauta ke ci daga baitulmali, shi ne ya miƙe ya kira sojojin su juya su kafa jamhuriya nan take. Ba su amsa ba. A Janairun 1908 aka kama shi bisa yunƙurin juyin mulki, yana tsare aka harbe Sarki Carlos da yarima mai jiran gado a babban dandalin bakin ruwa, ranar 1 ga Fabrairu.

Juyin da ya yi nasara ya zo a Oktoban 1910, kuma da jinin likita ya fara: ranar 3 ga wata wani majinyaci ya harbe Bombarda a ofishinsa na asibiti, jama'a suka ɗauka makircin 'yan sarauta ne. Ranar 5 aka shelanta jamhuriya daga barandar majalisar birni. Almeida ya zama ministan cikin gida, kuma a lokacin ilimi da lafiya a ƙarƙashin wannan ma'aikata suke. In ana neman aikinsa da ya daɗe, nan za a duba. A Maris 1911 aka kafa jami'ar Lisbon da ta Porto, aka kawo ƙarshen zamanin da Coimbra ce kaɗai jami'a a ƙasar. A watan ne kuma aka fitar da dokar gyaran ilimin firamare. Rundunar tsaro ta jamhuriya da har yanzu ke sintiri a ƙauyukan Fotugal ita ma a shekarar aka kafa ta. Ya buɗe jarida mai suna República, wadda ta rayu ta zama muryar 'yan adawa a zamanin Salazar.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda mutumin ya sauya bayan mulki ya zo hannu. Wanda ya yi suna da hura wuta ya koma mai yayyafa ruwa. Abokin gwagwarmayarsa Afonso Costa ya ɗauki hanyar murƙushe coci da 'yan sarauta. Almeida ya ce a yi afuwa, a bar mutane da addininsu. Suka ɓata, ya kafa tasa jam'iyyar a 1912, magoya bayan Costa suka riƙa yi masa ihu a titi suna kiransa maci amana. Duk da haka da Jamus ta shelanta yaƙi a kan Fotugal ranar 9 ga Maris 1916, ya yarda ya haɗa gwamnati da Costa ɗin, ya zama firayim minista har Afrilun 1917, yana kuma riƙe da ma'aikatar ƙasashen da suke mallaka. Babban dalilin shiga yaƙin shi ne tsoron kada manyan ƙasashe su raba Angola da Mozambik a teburin sulhu. Dubban 'yan Mozambik da aka tilasta wa dakon kayan soja sun mutu a wannan yaƙi.

Fadar shugaban ƙasa tana Belém, gini ne mai launin ruwan hoda da ke kallon kogin Tejo, da gidan tarihi a gefe inda aka jera hotunan shugabanni da kyaututtukan da aka ba su. Layin masu sayen ɗan kek ɗin ƙwai da unguwar ta yi suna da shi ya ninka na gidan tarihin sau da yawa, ban kuma ga laifinsu ba bayan na ɗanɗana. Almeida ya karɓi mulki ranar 5 ga Oktoba 1919. A shekara huɗunsa ya ga gwamnati fiye da 15, har da wadda aka naɗa a Janairun 1920 'yan zanga-zanga suka hana ta kama aiki a ranar. Kuɗin ƙasar yana zubewa, yajin aiki ba ya ƙarewa, bama-bamai na tashi a Lisbon.

Mafi muni shi ne daren 19 ga Oktoba 1921. Bayan wani boren soja, wata motar ɗaukar kaya ta riƙa bin gidaje tana kwasar mutane. Aka kashe firayim minista António Granjo a barikin sojan ruwa, aka kashe Carlos da Maia, aka kashe Machado Santos, jarumin da ya riƙe fagen daga a 1910 lokacin da sauran hafsoshi suka gudu. Wato waɗanda suka kafa jamhuriya, 'ya'yanta ne suka kashe su. Na bi ta gaban tsohon barikin, yanzu mutane na shan iska a bakin ruwa ba ruwansu. Almeida ya so ya ajiye mulki, aka roƙe shi ya zauna, ya zauna. Wasu na ganin rauni ne ya sa ya naɗa jagoran masu boren, Kanar Manuel Maria Coelho, ya kafa gwamnati. Ni ina ganin halin likita ne da ya saba da majinyacin da ba ya jin magani: ba ka warkar da shi ba, amma ba ka tashi ka bar shi ba.

A 1922 ya tafi Brazil bikin cikarta shekara 100 da samun 'yanci. Jirgin ruwan ya yi ta lalacewa a hanya, bai isa Rio de Janeiro ba sai 17 ga Satumba, kwana goma bayan ranar bikin, amma jawabansa suka wanke kunyar. A farkon 1923 shi da kansa ya ɗora wa jakadan Fafaroma hular kadinal a fadar Ajuda, abin da ya harzuƙa tsofaffin abokansa. Ya sauka a Oktoban shekarar, ciwon gaɓɓai ya riga ya ci ƙarfinsa. Ya ga soja sun rushe jamhuriyar a 1926, ya rasu ranar 31 ga Oktoba 1929. Gunkin da na fara gani an buɗe shi ne a 1937, ƙarƙashin mulkin da ya shafe duk abin da ya yi wa fafutuka.

Daga Lisbon zuwa Sao Tome wajen awa shida ne a jirgin sama. Tsibirin maƙwabcinmu ne, har muna da yarjejeniyar haƙar mai a teku tare tun 2001, kuma daga filin jirginsa ne jiragen agaji suka riƙa tashi zuwa Biyafara lokacin yaƙin basasa. Kore ne shar ko'ina, ruwa na sauka ba sallama, ayaba da koko da bishiyar kwakwa har bakin teku. Babban birnin ƙarami ne, mai natsuwa, babura masu ɗaukar fasinja sun fi motoci yawa.

Lokacin da Almeida ya sauka a nan, tsibirin na kan hanyar zama wanda ya fi ko'ina a duniya fitar da koko. An soke bauta a takarda tun wajen 1875, amma gandayen, waɗanda ake kira roça, suna buƙatar hannu. Sai aka riƙa kamo mutane daga can cikin Angola, dubbai a kowace shekara, a sa musu hannu a kwantiragin shekara biyar da ba su san abin da ke ciki ba, in ya ƙare a sabunta. A shekarun da likitan ya yi a tsibirin, komawa gida kusan babu ita. Ɗan jaridar Ingila Henry Nevinson ya bi hanyar a 1904 da 1905 ya fallasa abin, har kamfanin Cadbury da takwarorinsa suka daina sayen kokon tsibirin a 1909. Ingila ma dai ba don Allah kaɗai ta yi ba, kokon Gwalkwas, wato Ghana ta yau, ya fara kankama a hannunta.

A cikin wannan duniya Almeida ya yi wajen shekara bakwai yana maganin zazzaɓin cizon sauro da atini, ya ƙware a cututtukan ƙasashe masu zafi, ya tara abin da ya je Paris da shi ya kuma buɗe ɗakinsa na Lisbon. Aikin jinƙan da ake yawan ambata masa a tsibirin shi ne ƙungiyar da ya tsaya aka kafa don mayar da Turawan da suka talauce ko suka yi rashin lafiya gida. Aiki ne mai kyau. Amma a bayan katangar kowane gandu akwai dubban mutanen da su ma gida suke so. Da ya zama ministan ƙasashen mallaka a 1916, dokar da ta wajabta wa baƙar fata aiki tana nan, jamhuriya ta sabunta ta a 1914, kuma ya sauka ya bar ta. Ba a soke aikin tilas a doka ba sai farkon shekarun 1960, bayan kisan gillar da aka yi a Batepá a wannan tsibiri a 1953 da ɓarkewar yaƙi a Angola.

Na je gandun Água Izé, inda kufan asibiti ke tsaye da matakala biyu masu lanƙwasa, iyalai na zaune a ɗakunan da a da majinyata ke kwana. Bayan tafiyar Almeida aka gina irin waɗannan manyan asibitoci, lokacin da surutun duniya ya yi yawa, kuma mai gandu ya san ma'aikacin da ya mutu asara ce. Wata tsohuwa da ke shanya koko ta ce min kakanninta daga Angola aka kawo su, ita kuwa ba ta taɓa ganin Angola ba. Na ambaci sunan likitan, ta girgiza kai.

Hukuncina a kansa bai sauya ba saboda haka, sai dai ya samu iyaka. Mutum ne mai gaskiya a kan kuɗi da mulki, mai son sulhu a zamanin da sulhu ke jawo zagi, kuma Fotugal na da dalilin sa sunansa a tituna. Amma 'yancin da ya yi wa ɗauri da jawabi na mutanen Fotugal ne, bai ƙetare teku ba.

Gandu mafi girma a arewacin tsibirin a da Rio do Ouro ake ce masa, da katafaren asibitinsa a saman tudu. Bayan samun 'yancin kai a 1975 aka sauya masa suna zuwa Agostinho Neto. Shi ma likita ne, shi ma a Coimbra ya fara karatun likitanci, shi ma an ɗaure shi saboda siyasa, kuma shi ne shugaban Angola na farko.